Na Kai Baba Jos da Kayan Bazara

Tun da na koma bakin aiki, babu ranar da zan shiga ɗakin malamai ba a tare ni da tambayar Jos ba. Wata ta ce wai da gaske ne ƙanƙara na faɗowa daga sama, wata ta ce ita ma za ta kai surukarta, me ya kamata ta ɗauka. Na yi ta ba da labarin guntu-guntu har na fara manta abin da na faɗa wa wace. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, kowa ya huta.

Lalurar Baba ce ta kai ni. Mahaifina, Malam Ilu, ya daɗe yana fama da yanar ido, har ta kai sai an riƙe masa hannu zuwa masallacin ƙofar gida. Yaya Sule, ɗan wan Baba da ke gyaran mota a Jos, shi ya matsa a kawo shi can. Ya ce an yi wa surukinsa irin aikin a wani asibiti ya warke sarai, ga kuma masauki a gidansa da ke unguwar Rikkos. Yayyena maza kowa ya kawo uzurinsa, sai abin ya faɗo kaina. Shugaban makarantarmu ya ba ni 'yan kwanaki da ƙyar, yana ta tuna mini cewa ɗalibaina na gab da jarrabawa.

Kun san yadda Gumel take a ƙarshen bazara. A tsakar gida muke kwana, fanka ma iska mai zafi take hurowa. A cikin wannan hali Maryam, matar Yaya Sule, ta kira ni ta ce don Allah mu taho da kayan sanyi. Na ce mata to, amma ina ajiye waya maganar ta fita daga kaina. Mutumin da gumi ke bin bayansa ba ya iya tuna yadda sanyi yake. Na zuba atamfofi marasa nauyi, da mayafai shara-shara, da silifas, har da mafici. Na dai jefa wata tsohuwar rigar sanyi ta maigidana a jakar Baba. Shi kuwa ba ya yarda a rufe masa jaka sai ya laluba ya ji abin da ke ciki. Da hannunsa ya kai kanta ya zaro ta ya ajiye gefe, ya ce shi ba maigadi ba ne. Inna ta cike gurbin da tsaraba: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da dabino, duk a kan fararen manyan rigunansa.

Mun bar gida bayan sallar asuba, muka canza mota a Kano. Jiran motar Jos ta cika ya cinye mana safiya. Ina zaune ina ta duba waya, Baba na gaba yana jan carbi, yana tambayata saura mutum nawa. Da aka zo ɗaurin kaya, but ɗin motar ya ƙi rufuwa, sai aka bar shi a buɗe aka zagaye da igiya. Jakarmu ce a can waje, a saman buhunan wani ɗan kasuwa. Na gani, ban damu ba, don sama fes take, ko gajimare babu.

Har muka wuce Kwanar Ɗangora ana hira ana fifita. Muna shiga dajin Falgore motar ta yi tsit saboda tsoron 'yan fashi. Direba ya ƙara wuta, matar da ke kusa da ni ta damƙe mini gwiwa tana addu'a ƙasa-ƙasa, ni ma ban san lokacin da na kama tayata ba. Sai da muka fara ganin gidaje kowa ya saki numfashi. Shingayen jami'an tsaro kuwa ban iya lissafa su ba. A ɗaya daga ciki aka sa direba ya kwance kaya, wani soja ya zuge jakarmu, warin daddawar Inna ya buge shi, ya ja da baya yana dariya, ya ce da wata karyayyiyar Hausa Baba ya tafi da bam ɗinsa. Baba bai ji daɗin wasan ba, ya yi ta mita har Saminaka, inda muka yi sallah muka ci shinkafa da wake a tsaitsaye saboda direba na ta danna oda.

Bayan Jengre hanya ta fara hawa. Kunnuwana suka toshe, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya ɗanɗano. Baba ya juyo ya tambaya ko direba ya kunna na'urar sanyaya mota ne. Mutane suka yi dariya, don motar ko gilashin kirki ba ta da shi. Kafin a gama dariyar hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabanmu, ruwa ya sauko kamar ana juye shi da bokiti. Na roƙi direba ya tsaya a rufe kaya, ya ce ledar da yake rufewa da ita ya baro ta a Kano.

Haka muka shiga Jos. Ina sauko da ƙafa a tasha, ruwan da ke gudu a bakin titi ya fizge mini silifas ɗaya, ina kallo ya yi gaba da shi. Yaya Sule ya same ni tsaye da takalmi ɗaya, ina riƙe da hannun Baba, haƙorana na haɗuwa. Shi kuwa ga shi cikin jibgegiyar rigar sanyi da hular ulu kamar ba shi ne yaron da ya tashi a Gumel ba. Ya tare mana abin da mu muke kira a-daidaita, su kuma keke kawai suke ce masa, muka kutsa lungunan Rikkos, hawa da gangara, gidaje a cushe da juna.

A gida muka buɗe jaka. Kukar Inna ta sha ruwa ta narke, ta bi fararen rigunan Baba ta mai da su kore, ga yauƙi. Maryam ta dube su ta dube ni, ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ba ni zani mai kauri da safa, ta kawo mana ruwan zafi a buta. Na ɗauka na wanka ne, ashe na alwala ne. Mu da muke bin randa muna neman wanda ya fi sanyi, ga mutane suna dafa ruwan alwala a watan da ake suma don zafi a garinmu. Yaya Sule ya cire rigarsa ya miƙa wa Baba. Baba ya ture, ya ce lokacin da yake fatauci a fili yake kwana, sanyin Jos ba zai koya masa komai ba. Bargo kawai ya yarda da shi, shi ma iya gwiwa.

Washegari rana ta fito tas, da zafinta. Na ce a raina ashe ruwan jiya tsautsayi ne. Na wanke rigunan na shanya, Maryam ta ce kada in yi nisa da igiya. Ban gane nufinta ba sai da azahar, lokacin da na ga matan gidan sun fito a guje kowa na kwashe shanyarta. Garin nan a yini ɗaya sai ya yi miki fuska uku. Da safe sanyi, da hantsi rana har ki nemi inuwa, da yamma ruwa da iska mai shiga ƙashi. Mutanen garin sun san halinsa. Za ki ga mace ana tsala rana ga lema a hannunta, saurayi ya ɗaure rigar sanyi a ƙugu, mai keke ya naɗe labulen ledarsa a gefe yana jira. Ni kuwa kullum sai na yi kuskure. In na rufu in yi gumi, in na sassauta in jiƙe. Rigunan Baba suka yi ta shiga da fita tsakanin ɗaki da igiya, ba su bushe ba sai wari da suka fara.

A asibiti aka yi gwaje-gwaje aka sa mana ranar aiki. A tsakanin nan Baba ya fara tari. Yana ɓoyewa, in ya taso masa sai ya yi kamar gyaran murya yake. Ranar aikin, an riga an ɗiga masa magani a ido, tarin ya kufce masa a gaban likita. Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya ajiye abin awonsa, ya ce ba zai taɓa idon mai tari ba, domin motsi ɗaya ana cikin aiki ya isa ya jawo asarar idon baki ɗaya. Ya rubuta magani, ya ce mu dawo mako mai zuwa a duba, in ya lafa a yi, in bai lafa ba a sake ɗagawa.

Ban san yadda zan kwatanta muku kwanakin da suka biyo baya ba. Hutun da aka ba ni ya ƙare. Shugaban makaranta na kira, maigidana na kira ya ce ƙaramar 'yarmu ba ta cin abinci, Inna na kira ta ce a ba ta Malam ta ji muryarsa, in ya yi tari a waya sai ta kama salati. Na kasa zama wuri ɗaya. In share ɗakin da Maryam ta riga ta share, in fita ƙofar gida in dubi sama, in dawo in taɓa rigunan da na san ba su bushe ba. Na sa Maryam ta raka ni kasuwa na sayo sabuwar rigar sanyi ruwan toka, ta maza, mai mutunci. Baba ya shafa ta ya ce in ajiye wa mijina. Daga nan ya ce in haɗa kaya mu koma gida, Allah bai nufa ba, ya gaji da zama a ɗakin mutane yana hana su sakewa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ce masa ni ba zan koma in gaya wa Inna rigar sanyi ce ta hana shi gani ba. Ya juya fuska bango. Yinin ranar bai ƙara yi mini magana ba.

Ranar komawa asibiti muka fita cikin rana mai kyau, ya sa babbar rigarsa guda da ta tsira da 'yar shara a ciki. Muna zaune a dogon benci a baranda muna jiran layi, sai gari ya rufe. Na ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Ƙanƙara ce, farare kamar ƙwallon goruba ƙanana, suna tsalle a ƙasa har kan ƙafafunmu. Iska ta biyo baya. Na dubi Baba, leɓensa na rawa, ya cusa hannuwa cikin hammata, yana ta ƙoƙarin danne tari.

Wata mata ce zaune a gefensa, babba, mai jiki, da ɗan gicciye a wuyanta, ta kawo mijinta a duba masa idon da aka yi wa aiki. Daga baya na san ana ce mata Maman Kaneng. Ta leƙo ta dube ni ta ce, "Kai ne yaron shi? Kai ba ka gani tsoho yana rawan jiki?"

Sai da na waiga in ga ko da wani namiji take a bayana. Haka Hausarsu take, mace da namiji duk kai ne. Kafin in buɗe baki ta miƙe ta cire rigar sanyin da ke jikinta.

"Baba, ka ɗaga hannu."

Na jira in ji ya ce shi ba maigadi ba ne. Sai na ga ya ɗaga. Abin da ya ƙi yi wa 'yarsa da ɗan wansa, kunyar baƙuwa ta sa ya yi. Ta ɗage masa babbar riga, ta zura masa hannuwa, ta ɓalla maɓallai har wuya kamar tana shirya ɗan makaranta, ta mayar da babbar rigar a kai. Ya yi ta godiya yana sa mata albarka. Na ce ita fa, ta ce ita a nan aka haife ta, ta yafa zani ya ishe ta. Na karɓi lambarta don in mayar mata, aka kira mijinta suka shiga.

Da muka rage mu biyu Baba ya shafa hannun rigar ya ce tana da ɗumi. Sai ya tambaye ni wane launi ce. Ruwan hoda ce, da jajayen furanni a ƙirji, maɓallanta na ƙyalli. Na ce masa mai duhu ce.

Likita ya ce ƙirjin ya yi sauƙi amma a ƙara 'yan kwanaki. Da muka koma gida Yaya Sule ya ga wuyan rigar da hannuwanta sun leƙo ta ƙarƙashin babbar riga, ya buɗe baki, Maryam ta taka masa ƙafa. Tun daga ranar Baba bai rabu da ita ba. Da ya ji daɗin ɗumi sai ya yarda da safa, ya yarda da shayin citta da kanumfari, ya ja bargo har ka. Da ita ya je sallar Juma'a, Yaya Sule na riƙe da hannunsa yana ta ja masa hannun babbar riga ƙasa. Tarin ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Aka yi aikin ido ɗaya. Ban zauna ba har aka fito da shi, na auna barandar nan da ƙafa ban san sau nawa ba. Kashegari aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi ma'aikaciyar jinya, ya dube ni ya daɗe. Sannan ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka a kan hannun riga. Ya ɗage babbar rigar ya ga furannin.

"Rakiya, wannan ce mai duhun?"

Na ce ita ce, Baba.

"Da ita na je Juma'a?"

Na ce da ita. Ma'aikaciyar ta juya baya kafaɗunta na rawa. Can ya gyara maɓallin wuya da ya ɓalle, ya ce in nemo masa inda matar nan take.

A unguwar Kabong take. Da na faɗa, Yaya Sule ya sosa ƙeya. Ya ce tun rikice-rikicen da aka sha a garin kowa ya san unguwar da yake sakewa, shi kam ya manta rabon da ya shiga can, su ma ba kasafai suke shigowa Rikkos ba. Ya ce a ba wani mai keke da ya sani ya kai mata. Baba ya ce wanda ya tuɓe rigar jikinsa ya ba ka, ba a aika masa ɗan saƙo. Da bakinsa ya ce in miƙo masa sabuwar nan ruwan toka, ya sa, aka wanke ta Maman Kaneng, Maryam ta busar da ita da dutsen guga.

Ba zan ɓoye muku ba, a tsorace na shiga unguwar. Ina jin idon mutane a kan hijabina, ko kuwa ni ce nake ganin haka. Yaya Sule ya ce wa mai keke kada ya kashe inji, yanzu za mu fito. Maman Kaneng ta taro mu tun daga bakin hanya tana tafa hannu, ta riƙe Baba ta kai shi har kujera kusa da mijinta. Tsofaffin biyu suka zauna da baƙin tabarau iri ɗaya na asibiti, suna gwada wa juna wanda ya fi hango kalandar bango. Ta kawo gwate, wanda ya yi kama da fatenmu sai dai da acca ake yi, ga yakuwa da gauta, yana turiri. Ta ce wa Baba ya ci hankali kwance, babu abin da addininsa ya hana a ciki. Ya ci har ya nemi ƙari. Na ba ta dabino da daddawar da ta tsira daga ruwa, shi kuma ya miƙa mata rigarta da hannu biyu. Ta tambaye shi ko ya ga furannin. Ya ce su ne abu na huɗu da ya fara gani a duniya, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Muna shirin tashi ruwa ya sauko. Mai keke ya gaji ya yi tafiyarsa. Muka zauna jiran ya ɗauke, bai ɗauke ba sai bayan la'asar, har ta shimfiɗa mana sabon zani a ɗaki muka yi sallah. Da na fito na tarar da Yaya Sule, mai cewa kada a kashe inji, ya miƙe ƙafa a kujerar mutane yana ta minshari.

To, Malama mai shirin kai suruka, ga abin da zan ce miki. Kada ki tambayi jikinki abin da za ki ɗauka, don jikinki zafin nan kawai ya sani. Ki ɗauki kayan da ake sa wani a kan wani, a cire a mayar, domin sau da yawa za ki yi hakan kafin rana ta faɗi. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa, da safa, lema kuma a jakar hannu, ba a ƙasan akwati ba. Komai ki naɗe shi a leda kafin ya shiga jaka, kuka kuwa ki yi mata jakarta daban. In tsohuwar ta ce ba ta sa rigar sanyi, kada ki yi gardama da ita a gida, ki ɓoye a kayanki ki yi shiru. Ni ma zan koma, saura ido ɗaya, kuma a tsakiyar damina aka ce mu zo. Tun yanzu na fara tunanin yadda zan tunkari shugaban makaranta.

A hanyar dawowa Baba bai runtsa ba. Ya ga duwatsun da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu, ya yi ta tasbihi, ya karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi har fasinjoji suka fara taya shi. Kafin Saminaka zafi ya karɓe mu, ya cire rigar sanyi da kansa ya ninke a cinya.

Mun isa Gumel gab da magariba. Ya ƙi a riƙe masa hannu, ya shiga zaure shi kaɗai, yana faɗin ashe haka bangon nan ya tsage ba wanda ya gaya masa. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu a zani, ta tsaya daga nesa tana yi mana sannu da hanya. Ya cire tabarau ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, har ta rasa inda za ta sa idonta.

Ya ce, "Kin rame."

Inna ta karɓi jakar hannuna, ta juya ta nufi ɗaki, ta ce, "Rakiya, in ya huta ki kai masa madubi."